Wayar da ke rage maka sauti ba ta san kunnenka ba

1/ Zare ne mai tsawo, ku yi haƙuri da datarku. Magana ce a kan wannan abin da wayoyinmu ke yi: kana cikin jin abu da iyafis sai sauti ya faɗo ƙasa da kansa, wai ana kare maka kunne. Ni a ganina niyyar mai kyau ce, aikin ne aka yi shi da ka. 🧵

2/ Ga wanda bai taɓa gani ba: wani ɗan rubutu ne ke faɗowa a sikirin, yana cewa jin sauti da ƙarfi na tsawon lokaci yana iya lalata ji. Sai ka danna ka yarda kafin ta bari ka ƙara. Ka yarda yau, bayan kwanaki ta manta kun yi yarjejeniya, ta sake dawo da kai ƙasa.

3/ Kuma ba ta tashi yi sai lokacin da hannunka ba ya kusa. Kana wanki hannu duk kumfa. An matse ka a adaidaita, wayar tana can ƙasan aljihu. Ko kina tsakar tuƙa tuwo kina jin karatu. Daidai nan za ta ga dama.

4/ Kafin 'yan "ai don lafiyarka ne" su cika min kwament: na sani. Zan ma fi ku faɗin haɗarin, har da alƙaluma. Ku dai bi ni a hankali.

5/ Abin ba daga kamfanin wayarka ya faro ba, daga Turai ne. Tun 1996 Faransa ta yi doka cewa ƙananan na'urorin jin kiɗa kada su wuce desibel 100. A 2002 sai da Apple ya janye iPod daga shagunan ƙasar na ɗan lokaci saboda ya haura iyakar, ya gyara sannan ya mayar.

6/ A 2009 Hukumar Tarayyar Turai ta sa a rubuta ƙa'ida ta bai-ɗaya. Abin da aka fitar: na'ura ta fito daga kwali da iyakar desibel 85. Mai ita yana iya ɗagawa har zuwa 100, amma sai an gargaɗe shi ya amince. Kuma a maimaita gargaɗin duk bayan awa 20 na saurare. Ta fara aiki a 2013.

7/ Wannan awa 20 ɗin ita ce sirrin mantuwar da na ce. Ba aljani ba ne, ba kuma wayarka ce ta fara tsufa ba. A tsarin Android wani agogo ne a ciki yake ƙirga lokacin da ka yi kana saurare sama da matakin da aka yanka. Ya cika awa 20, sai ya sauke ka, ya sake tambayarka.

8/ Mu kuma ya aka yi ta iso mu? Manhaja ɗaya ake zuba wa wayoyi a tura su kasuwanni barkatai, ga kuma na hannu da ke shigo mana daga Ingila da sauran wurare. Sai muka gaji dokar da ba da mu aka zauna aka tsara ta ba.

9/ A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato ITU, suka fitar da nasu ma'aunin: babba desibel 80 na awa 40 a sati, yaro desibel 75 na awa 40. Wannan shi ne kason kunnenka na sati guda.

10/ Da shi iPhone ke aiki tun daga iOS 14 a 2020. Tana tara abin da ka ji cikin kwana bakwai, ka cinye kasonka sai ta turo maka sanarwa ta rage sautin. Apple da kansa ya rubuta cewa a wasu ƙasashe ba a iya kashe sanarwar, saboda dokokinsu.

11/ Shi ya sa a lokacin za ka ga mutum biyu da waya iri ɗaya, ɗaya yana da madannin kashewa, ɗayan babu, su yi ta musu kowa na rantsuwa. Kuma duk gaskiya suke faɗa.

12/ To, yanzu ɓangaren da masu gargaɗin suke da gaskiya, don ba na son a ce na ɓoye.

13/ Desibel ba kamar kilo ko lita yake ba, da za ka ce 83 ai ɗan ƙari ne kaɗan a kan 80. Duk ƙarin desibel 3, ƙarfin sautin da ke dukan kunnenka ya ninka biyu. Saboda haka lokacin da aka yarda ka yi yana raguwa da rabi.

14/ Ku duba lissafin, na sati guda ne fa, ba na rana ba:
80: awa 40
83: awa 20
86: awa 10
89: awa 5
92: awa 2 da rabi
95: awa 1 da minti 15
98: kusan minti 38
101: kusan minti 19

15/ Minti 19 a sati. Waƙa huɗu ko biyar ke nan, kason ya ƙare. Kuma waya da iyafis mai ƙarfi suna iya kai ka 100 ko su wuce idan ka ƙure layin. Don kwatance, hirar mutum biyu a ɗaki wajen 60 take.

16/ Can cikin kunne akwai wani ɗan abu naɗaɗɗe kamar dodon koɗi. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi-gashi, wajen 16,000 a kowane kunne. Su ne ke karɓar girgizar sauti su mayar da ita saƙo zuwa ƙwaƙwalwa.

17/ Ƙara mai yawa tana gajiyar da su, in ta yi yawa ta kashe su. Wanda ya mutu kuma ya tafi ke nan, ba ya sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Tsuntsaye da kifi nasu yana dawowa. Wato a wannan fannin kazar gidanku ta fi ki gata.

18/ Kuma ba ya zuwa da ciwo balle ka ankara. Siraran sautuka ne ke fara tafiya, irin su s, sh, f, ts. Sai ka ji muryar mutum sarai amma ka kasa rabe ko sara ya ce, ko shara, ko fara, ko tsara. Musamman a cikin taro. "Me ka ce?" ta zama abokiyarka kana ɗan shekara 30.

19/ Wannan kukan da kunne ke yi bayan ka dawo daga wajen biki, ko ka ji kamar an cusa maka auduga, ba ƙaramin abu ba ne. Gargaɗi ne daga jiki. Yawanci yana wucewa zuwa gobe, amma akwai waɗanda nasu ya zauna, suna kwana da shi suna tashi da shi.

20/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke saurare. Mu ke nan. Babu gardama a nan.

21/ To in haka ne mene ne nawa na ƙorafi?

22/ Shi ne wayar ba ta san yawan ƙarar da ke shiga kunnena ba. Ba ta da awo a cikin kunne. Abin da ta sani shi ne ƙarfin da take turawa ta igiya ko ta Bluetooth. Daga nan sai ta yi hasashe.

23/ Ka shiga Farm Centre ka ga iyafis kala nawa ke rataye. Akwai wanda a rabin layi ma sai ka cire shi ka sosa kunne. Akwai kuma wanda ko ka ƙure sai ka ji kamar daga ƙasan rijiya ake maka magana. Waya ɗaya, mataki ɗaya, ƙara daban-daban.

24/ Abin da hakan ke nufi ya fi ban haushi ban tsoro. Mai iyafis marar ƙarfi ana takura masa a banza. Mai iyafis mai tsawa kuma yana iya zama ƙasa da layin gargaɗi hankalinsa kwance, alhali kunnensa na shan duka. An tsare wanda bai yi komai ba, mai laifi ya wuce.

25/ Apple ma bai ɓoye ba: ya ce awonsa ya fi daidai da AirPods da Beats, wato nasa kayan. Sauran kuwa ƙiyasi ne daga matakin sautin wayar. Mu nawa ne a hostel ke da AirPods na asali? Kar kowa ya ɗaga hannu, mun san juna.

26/ Bari in zo kan abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya a matsayina na ɗalibi: lakca da aka naɗa.

27/ Aji mai ɗaruruwan mutane, ba ka samu gaba ba, makirfo ya ƙi aiki ko babu wuta. Wani bawan Allah ya ajiye wayarsa a layi na goma ya naɗa, ya turo a guruf. Muryar malam a ciki kamar raɗa, fanka da tarin mutane sun fi ta fitowa.

28/ Irin wannan sai ka ƙure sauti sannan ka tsinci kalma ɗaya-ɗaya. Ƙurewar ba ta sa ya yi ƙara ba, don asalin abin da aka naɗa ba shi da ƙarfi. Amma tsohon tsarin Android matsayin layin sauti yake kallo, ba abin da ke fitowa ba. A wajensa kai da mai jin kiɗan DJ a ƙure duk ɗaya kuke.

29/ Satin jarrabawa na zangon da ya wuce ina bin irin wannan lakcar, ina rubutawa da sauri, daidai inda malam ke faɗin abin da ya ce zai fito, wayata ta sauke ni. Na koma baya, na rasa wajen, na sake komawa. Ƙarfe biyun dare fa, caji saura kaɗan.

30/ Saƙon murya ma haka. Kowa yana da wannan ɗan uwan da ke naɗar saƙo kamar yana tsoron kada maƙwabta su ji, ko gwaggon da ke riƙe waya nesa da baki. Ba ka da zaɓi sai ƙurewa.

31/ Sai batun sifika. Ka haɗa wayar da MP a ɗaki, ko da rediyon mota, ko da amfilifaya a wajen taro. Wayoyi da yawa ba sa rabewa, duk abin da aka jona iyafis ne a wajensu. Sifika tana can ƙuryar ɗaki, wayar na lissafa ta kamar a cikin kunnenka take.

32/ Kuma duk wanda ya taɓa haɗa kayan sauti ya san ƙa'idar: ka ɗaga na waya sosai, ka riƙa saitawa daga amfilifaya, shi ne sauti ke fita tas babu shuuu. Wato daidai abin da ya kamata ka yi shi ne abin da wayar ke hukunta ka a kai.

33/ An taɓa ba ni riƙon sauti a wani taron ƙungiyar ɗalibai, wayata ce a jone. Ana tsakiyar abu sauti ya nutse, zaure ya yi tsit, kowa ya waiwayo yana kallona. Ka tsaya ka yi wa mutum ɗari bayanin dokar Tarayyar Turai mana.

34/ A nan dai an ɗan gyara. Tun iOS 14.4, farkon 2021, mai iPhone yana iya shiga saitin Bluetooth ya faɗa mata wannan sifika ce, wannan ta mota ce, wannan abin taimakon ji ne. Ka saita sau ɗaya ta daina ƙirga sifikar a kason kunnenka. Mutane da yawa ba su san da shi ba, don an binne shi a ciki.

35/ Android 14 ma ya zo da tsarin da ke lissafa yawan sautin da aka ji a zahiri, ba matsayin layi kaɗai ba. Ci gaba ne. Sai dai ku duba wayoyin da ke hannun mutanenmu, nawa ne ke samun sabuntawa bayan shekara biyu da saye?

36/ Akwai waɗanda abin ya fi taɓawa fiye da mu, kuma ba sa nan balle su yi zare. Dattawa.

37/ Wani kawuna jinsa ya yi rauni, da iyafis yake jin tafsiri da labaran rediyo don kada ya dami gida. Duk bayan 'yan kwanaki sai sautin ya ragu, rubutu ya fito da Turanci, shi kuma ba ya karanta boko. A wajensa waya ta lalace. Har ya ba da ita a kai wa mai gyara.

38/ Ba ina cewa mai raunin ji ya ƙure sauti yadda ya ga dama ba, shi ma ƙara na iya cinye ɗan abin da ya rage masa. Amma maganinsa gwajin ji ne da abin da ya dace da shi. Rubutun da ba zai iya karantawa ba bai kare shi daga komai ba, kuɗin mota kawai ya ja masa.

39/ Yanzu babbar tambayar da masu ƙera wayoyi ba su yi ba: me ya sa muke ƙure sautin tun farko?

40/ Ba don muna gaba da kunnuwanmu ba ne. A ɗaki shiru da asuba, wa ke ƙurewa? Rabin layi ma ya ishe ka. Muna ƙurewa ne don abin da muke ji dole ya haura hayaniyar da ke kewaye da mu, in ba haka ba ba za mu gane komai ba.

41/ Hayaniyar kuwa ku lissafa da kanku. Janareton maƙwabci a gindin taga. Injin niƙa. Salansar adaidaita da aka cire mata ciki. Hon na babbar mota a bayanka. Mai tallan magani da lasifika a kan mota. Titi mai cunkoso kaɗai yakan kai desibel 80 zuwa 85.

42/ To ka ga mutumin da ke zaune cikin 85 kafin ma ya kunna komai, ka rage masa iyafis, me ka rage? Hayaniyar tana nan tana shiga kunnensa. Abin da yake son ji kawai ka ɗauke masa. Shi kuma zai mayar da shi sama cikin daƙiƙa biyu, yana tsaki.

43/ An bar jaki ana dukan taiki. Ka je biki an jera sifiku kamar ginin bulo, yara ƙanana suna rawa a gabansu, jarirai a goye, ƙirjinka na girgiza. Babu wanda wani rubutu ya faɗo masa a sikirin.

44/ Alhali a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni na wuraren taro da shagali: matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100. Nijeriya ma tana da ƙa'idar hayaniya tun 2009 ƙarƙashin hukumar NESREA. Mu nawa ne muka ma san da ita?

45/ Ba ina cewa tunda DJ na yi mana illa a bar iyafis ma ta yi ba. Kason kunne ɗaya ne, duk daga asusu guda ake cira. Abin da nake cewa, wayar tana lissafin rabin asusun ne, sannan ta yanke hukunci kamar ta ga duka.

46/ Ga kuma illar da ta fi damuna. Gargaɗin da ke fitowa a inda babu haɗari yana koya wa mutum raina gargaɗi. Yau yatsana yana danna amincewa kafin idona ya karanta. Na tabbata naku ma haka.

47/ Ranar da gargaɗin zai zama na gaske, ranar da da gaske ka yi awa uku a 95, haka za ka danne shi ka wuce, don ya riga ya zama kamar tallan da ke tare maka bidiyo.

48/ Wasu ma sun wuce nan. Haushi ya sa sun sauke manhajojin ƙara sauti, waɗanda ke tura shi sama da inda aka tsara. Wasu suna bin bidiyon yadda ake kashe tsarin gaba ɗaya ta ƙofar baya. Wato an kori mutum daga ɗan kariyar da yake da ita zuwa babu.

49/ Kuma don Allah ku bar waɗannan manhajojin. Sauti ya fashe, iyafis ta mutu da wuri, ga talla, ga neman izinin shiga abubuwan da ba ruwansu da sauti.

50/ Me nake so a yi? Abu mai sauƙi. Kowa a nan ya iya duba ragowar data. Ba wanda ya koya mana tattali, ganin lambar tana sauka ne ya koya mana. To a nuna min kason kunnena haka: ka ci kashi 70 cikin 100 na satin nan, yau Laraba. Wallahi da kaina zan rage.

51/ Wannan ma ba sabon tunani ba ne, yana cikin ma'aunin 2019 ɗin: na'ura ta riƙa bibiyar kason ta nuna wa mai ita. Ɓangaren rage sauti aka fi rungumar aiwatarwa, ɓangaren sanar da mutum aka tura can cikin saiti inda sai mai naci zai gani.

52/ Sannan duk sabon abin da na jona, ta tambaye ni sau ɗaya: iyafis ne ko sifika? Ta riƙe amsar. In za ta rage, ta fara yi min magana a kunne da harshen da nake ji, ta ba ni dama in ce to ko a'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

53/ Ƙulli mai ƙarfi a bar shi ga yara, a nan kam ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Wayoyin Samsung suna da wajen sa iyakar sauti har da lambar sirri, iPhone ma kana iya yanka iyaka tsakanin desibel 75 da 100. In ƙaninka ko ƙanwarki na karɓar waya suna kallon katun da iyafis, ku saita musu yau.

54/ Kafin kamfanoni su ji mu, abin da ya fi yi min aiki ba wani saiti ba ne, robar iyafis ce. Irin mai shiga kunne ta toshe, in ka dace da girman da ya yi maka daidai, tana tare hayaniyar waje, sai ka ga da kanka ka sauko mataki biyu ko uku ba tare da an tilasta ka ba.

55/ Waɗannan ƙananan robobin da ke zuwa a cikin kwali muna zubarwa, ku gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kunnen dama da na hagu ma ba lallai girmansu ya zo ɗaya ba. Masu kashe hayaniya da lantarki sun fi, amma kuɗinsu sai a hankali, ba da kuɗin makaranta ba.

56/ Sai dai fa ban da kan titi. Kana tsallaka hanya ko kana kan babur ka toshe kunne biyu, wannan wata matsalar ce da ta fi kurumta saurin zuwa.

57/ Gwajin da ba ya buƙatar manhaja: wanda ke tsaye kusa da kai, nisan miƙa hannu, ya yi magana yadda ya saba. A wuri marar hayaniya, in sai ya ɗaga murya kafin ka san yana yi, sautinka ya yi yawa. In na kusa da kai a aji yana iya bin waƙar da kake ji, wannan ba sai an gwada ba.

58/ Ana yawan cewa kada ka wuce kashi 60 na layin. Shawara ce mai kyau a matsayin mafari, amma ku tuna lamba 23: kashi 60 na wace iyafis?

59/ A wajen biki kuma nisa shi ne abokinka. A fili, duk ka ninka nisanka da sifika, ƙarar na sauka da wajen desibel 6. Ku koma lamba 14 ku ga abin da 6 ke yi wa lissafi. Kujerar baya ba ta rage maka shinkafa.

60/ Wanda kuma kunnensa ke kuka kwana da kwanaki bai daina ba, ko ji ya ɗauke masa farat ɗaya a kunne guda, wannan ba na zare ba ne. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro, da wuri. Asibitocin koyarwa suna da sashen, a Kaduna ma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Kada a ɗiga mai, kada a sa tsinke.

61/ Masu Tecno, Infinix, itel da Redmi, wajen saitin yana bambanta daga waya zuwa waya. Wanda ya gano inda nasa yake ya ajiye mana hoton sikirin a ƙasa, ya faɗi samfurin wayar. Ni zan koma kan lakcar layi na goma, saura min minti 40.